Silakant a Animal Crossing: kifin da ba ya cin fatsa sai ana ruwan sama

A cikin kifaye 80 da mai wasa zai iya kamawa a Animal Crossing: New Horizons, wasan da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar ranar 20 ga watan Maris na 2020, akwai guda ɗaya da ba a ɗaure shi da wata ko da sa'a ba, aka ɗaure shi da hadari. Yawancin kifaye masu daraja a wasan kowanne da lokacinsa, wani sai a wasu watanni ƙalilan, wani sai cikin dare, wani kuma sai a kogin da ke saman tsauni. Shi kuwa wannan duk shekara yana nan, kuma kowane lokaci na yini ana iya dacewa da shi, da sharaɗin cewa ruwan sama yana zuba a tsibirin mai wasan. Ko an cika sharaɗin ma, sau da yawa mutum zai yi ta jefa fatsa har ruwan ya ɗauke bai sa shi a ido ba. Ana rubuta sunansa coelacanth, ana furta shi silakant, kuma ba masu zanen wasan ne suka ƙago shi ba. Kifi ne na gaske da ke zaune a zurfin yammacin Tekun Indiya da kuma ruwayen Indonesiya, wanda masana suka yi kusan shekara ɗari suna lissafa shi cikin halittun da suka ƙare tun zamanin dinoso, manyan dabbobin nan na dā masu kama da ƙadangare.

Dalilin da ya sa sharaɗin ruwan sama yake da nauyi yana cikin ginin wasan kansa. Tun fitowarsa ta farko a Japan a shekarar 2001, a kan na'urar Nintendo 64, Animal Crossing yana tafiya ne da agogon gaske. Idan ƙarfe tara na dare ne a ɗakin mai wasa, to ƙarfe tara na dare ne a ƙauyen da ke cikin na'urar, an rufe wasu shaguna kuma wasu maƙwabta sun kwanta. Katsuya Eguchi, wanda ya jagoranci ƙirƙirar wasan, ya bayyana cewa tunaninsa ya samo asali ne daga kaɗaicin da ya ji lokacin da ya bar danginsa da abokansa ya koma birnin Kyoto domin aiki, saboda haka abin da ya gina wuri ne na zama, inda ba a yaƙi, ba a mutuwa, kuma babu wani mataki na ƙarshe da ake tsere a kai. A irin wannan wasa ba za a iya sa wa mutum dodo a gaba a ce ya kashe shi kafin ya sami lada ba. Abin da ya rage a hannun masu tsarawa shi ne lokaci, kuma da shi suka yi amfani. Mai wasa yana iya tara kuɗi, ya faɗaɗa gida, ya sauya wa kogi hanya, amma ba shi da ikon kiran hadari. A New Horizons yanayin sama na kowane tsibiri yana bin wani lissafi ne da aka ƙulla tun ranar da aka kafa tsibirin, har ta kai wasu masu sha'awar wasan sun ƙirƙiro manhajar da ke gano wannan lissafi domin mutum ya san ranar da za a yi ruwa a wurinsa. Wasu kuma sukan juya agogon na'urar gaba ko baya don su faɗa ranar ruwa, dabarar da masu wasan suka daɗe suna gardama a kan ko ha'inci ce.

Yana da kyau a kalli kamun da kansa kusa-kusa, domin a nan ne dabarar masu tsarawa ta fi fitowa. Mai wasa ba ya ganin kifi a cikin ruwa, inuwarsa kawai yake gani, baƙa, tana juyawa a hankali kusa da gaɓa. Dole ya tako sannu, domin gudu a bakin ruwa yana korar kifi, sannan ya jefa zaren ta yadda ɗan abin da ke yawo a kan ruwa zai sauka daidai gaban kan inuwar. Idan ya sauka a bayanta, kifin ba zai kula ba. Idan ya kula, sai ya matso ya ɗan taɓa ya ja da baya, kuma zai iya yin wannan ɗanɗano har sau huɗu kafin ya kama da gaske, lokacin da abin zai nutse da wata ƙara ta daban. A wannan ɗan taƙin ne ake danna maɓalli. Wanda ya yi gaggawa ya danna tun ana ɗanɗano ya yi asara, haka ma wanda ya makara, kuma kifaye masu tsada ba sa ba da sarari mai yawa. Shi ya sa ƙwararrun masu wasan da dama sukan kau da ido daga allo su saurari ƙarar kawai, don ido yana ruɗar yatsa. Wahalar ba ta tsaya nan ba, domin inuwar silakant tana cikin mafi girma a teku, amma akwai wani kifi gama-gari, bas na teku, wanda inuwarsa ta kusa kai wannan girma kuma yana nan ko'ina a kowane lokaci. Mutum zai hango ƙatuwar inuwa cikin ruwan sama, gabansa ya faɗi, ya natsu ya ja, sai ga bas a hannunsa a karo na barkatai. Wannan takaici ya zama abin barkwanci a tsakanin masu wasan a duniya, kuma ba kuskure ba ne daga masu tsarawa, da gangan aka jera inuwoyin biyu kusa da juna.

Farashi shi ne ya ƙarasa aikin. Kuɗin wasan sunansa Bell, kuma ana sayen silakant a shago a kan 15,000, alhali bas ɗin nan 400 ne kacal, wato sai an kama kusan 38 kafin su yi daidai da silakant ɗaya. Akwai wani baƙo mai suna C.J. da yake ziyartar tsibiri lokaci-lokaci yana sayen kifi da ƙarin rabin farashi, a wurinsa silakant yakan kai 22,500. Bashin gida na farko da Tom Nook, attajirin wasan, yake ɗora wa mai wasa 98,000 ne, wanda silakant bakwai za su biya har da canji. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi riƙe mutum fiye da ladan da ke zuwa a kan ƙa'ida, tun gwaje-gwajen da B. F. Skinner ya yi da tantabaru da ɓeraye a Amurka, kuma a kan wannan ɗabi'a aka gina injinan caca. Bambancin, a ganina, yana da muhimmanci: a nan ba a karɓar kuɗin gaske a kan kowace jifa, kuma ruwan sama da kansa yana sa wa abin iyaka, tunda idan gari ya washe babu sauran dalilin tsayawa a gaɓa.

Tambayar da ta fi wannan ita ce me ya sa aka zaɓi wannan kifi musamman ya zauna a wannan matsayi a duk manyan fitowar wasan, alhali teku cike yake da kifaye masu ban mamaki. Amsar tana cikin abin da ya faru a garin East London na Afirka ta Kudu ranar 22 ga Disamba, 1938. Marjorie Courtenay-Latimer, matashiyar da ke kula da ɗan ƙaramin gidan tarihin garin, ta yi yarjejeniya da masu jiragen su cewa idan wani baƙon abu ya faɗo cikin ragarsu su sanar da ita. A ranar aka kira ta zuwa jirgin Nerine na kyaftin Hendrick Goosen, wanda ya ja raga kusa da bakin kogin Chalumna. A cikin tarin kifayen da aka zube ta hango wani fiffike mai launin shuɗi, ta ture na sama, sai ga kifi mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, nauyinsa ya haura kilo 50, jikinsa lulluɓe da ɓawo mai kauri da ɗigo-ɗigon fari, fukafukansa kuma a kan wasu guntayen gaɓoɓi masu tsoka kamar ƙafafu. Ba ta san sunansa ba, amma ta san bai yi kama da komai a littattafanta ba. Ta sa shi a tasi, bayan direban ya ɗan yi gardama saboda ƙarni, ta nemi inda za a ajiye shi cikin sanyi, ɗakin ajiye gawa da gidan ƙanƙara duk suka ƙi karɓa. Lokacin zafi ne a can, kifin ya soma lalacewa, ba ta da zaɓi sai ta miƙa shi ga mai busar da fatun dabbobi, aka zubar da kayan cikinsa. Ta riga ta aika wasiƙa da ɗan zane zuwa ga J. L. B. Smith, malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar Rhodes wanda ya ƙware a ilimin kifi, amma hutun Kirsimeti ya jinkirta wasiƙar, kuma lokacin da saƙon wayarsa ya iso yana roƙon a adana ƙashi da kayan ciki, aikin gama ya gama. Da ya zo da kansa a watan Fabrairun 1939 ya tabbatar da abin da zanen ya sa shi zargi: wannan ɗan dangin kifayen nan ne da Louis Agassiz ya sa wa suna a 1839 daga burbushinsu a cikin dutse, waɗanda aka ɗauka sun ɓace kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Ya raɗa masa Latimeria chalumnae, domin girmama matar da kuma kogin.

Sai da aka yi shekara 14 kafin a sami na biyu. Smith ya baza takardu a gaɓar gabashin Afirka da hoton kifin da alkawarin ladan fam 100, kuma a watan Disamba na 1952 labari ya zo daga tsibirin Anjuwan na Komoros, wasu tsibirai a Tekun Indiya, cewa wani masunci ya kama ɗaya. Smith ya roƙi firaministan Afirka ta Kudu na lokacin, D. F. Malan, aka ba shi jirgin saman soja ya je ya ɗauko shi, abin da ya fusata Faransa, wadda ke mulkin tsibiran, har ta toshe wa masu bincike na waje hanya na tsawon shekaru. Abin da labarin Turawa yakan wuce da sauri shi ne cewa masuntan Komoros sun san kifin tun tuni, suna kiransa gombessa, kuma ba su ɗauke shi a bakin komai ba, domin namansa cike yake da mai da ke ɓata ciki. Ƙarancinsa a idon masana da farashin da aka sa masa ne suka mayar da shi dukiya. An sake maimaita kusan irin wannan a 1997, lokacin da Mark Erdmann, masanin halittun ruwa ɗan Amurka, da matarsa suka ga ana tura wani a amalanke a kasuwar kifi ta Manado a Indonesiya, dubban kilomitoci daga Komoros. A 1998 aka kama wani a raye a yankin, kuma bincike ya nuna jinsi ne na biyu, Latimeria menadoensis, wanda masuntan wurin suke kira raja laut.

Wanda ya san wannan tarihi zai ga cewa wasan ya ɗora mai wasa ne a kan mararrabar da aka tsaya a tashar jiragen East London. Idan silakant na farko ya shigo hannu, hanya biyu ce: a kai shi shago a karɓi 15,000, ko a kai shi gidan tarihi wurin Blathers, mujiyar da ke kula da wurin, wanda ba ya biyan ko sisi, sai godiya da ɗan bayani a kan halittar idan an nemi ji. Gidan tarihin yana karɓar guda ɗaya ne kawai daga kowane jinsi, kuma abin da aka ba shi ba ya dawowa. Al'adar da ta kafu a tsakanin masu wasan ita ce na farko na gidan tarihi ne, na biyu shi ne na kasuwa, kuma babu wata doka a wasan da ta tilasta haka, sai dai tankin da zai zauna babu kowa a ciki yana jiran mutum. Wannan shi ne ɓangaren tsarin da na fi yaba wa, domin ya koya wa miliyoyin mutane (an sayar da New Horizons fiye da kwafi miliyan 40, da yawa daga ciki a lokacin kullen annobar korona) cewa akwai abin da darajarsa take a ajiye shi inda kowa zai gani, ba tare da an yi musu wa'azi ba. Akwai kuma wata gwaninta a tsarin ginin. A sashen burbushin halittu an zana layuka a ƙasa da ke nuna yadda rassan halittu suka rarrabu, kuma a can ake ajiye Eusthenopteron da Acanthostega, tsofaffin halittu daga babban reshen da silakant ya fito, a matsayin duwatsu, shi kuwa yana can wani sashe yana iyo a raye.

Idan aka zo gwada abin da wasan ya nuna da yadda kifin yake rayuwa, sai a ga an dace a wasu wurare kuma an yi son rai a wasu. An dace da teku, an dace da girma, tunda babba yakan kai mita biyu da nauyin kusan kilo 90. A tsofaffin fitowar wasan, irin su New Leaf na na'urar 3DS, ana samunsa ne daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa tara na safe, kuma wannan ya yi daidai da ɗabi'arsa. Hans Fricke, masani ɗan Jamus da ya fara ɗaukar hotonsa a mazauninsa da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa a 1987, shi da abokan aikinsa sun gano cewa da rana yana fakewa ne rukuni-rukuni a kogwannin duwatsun aman wuta a zurfin mita 150 zuwa 250, da dare kuma ya fito ya bar igiyar ruwa tana tafiya da shi a hankali yana cafke ƙananan kifaye. Hatta fatsar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin masuntan Komoros da dogon zare da ƙugiya suke kama shi cikin dare daga ƙananan kwale-kwale, ba da niyya ba, yayin da suke neman wani kifi mai mai da ke zaune a zurfi ɗaya da shi. Inda wasan ya rabu da gaskiya shi ne gaɓa da ruwan sama. Babu wanda zai tsaya a kan yashi ya jefa zare taku biyar ya jawo silakant, kuma halittar da ke can ƙasa da mita ɗari cikin duhu da sanyi ba ta da labarin ko sama tana zubar da ruwa ko ba ta yi.

Kifin da sharaɗin ruwan sama ya dace da shi da gaske yana nan a fadamun ƙasar Hausa, kuma ɗan uwan silakant ne na haƙiƙa, wato gaiwa. Idan tafki ya ƙafe da rani, gaiwa takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina da ke bushewa ta zama kamar jaka, tana shaƙar iska da huhunta ta wata 'yar ƙofa, tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwan damina ya jiƙa ƙasa ta fito. Ita da silakant duk suna cikin rukunin kifaye masu fukafukan tsoka, rukunin da dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito daga cikinsa bisa bayanin masana ilimin halitta. An daɗe ana tallata silakant a matsayin mafi kusanci da kakannin dabbobin tudu, amma da aka kammala karanta kundin ƙwayoyin gadonsa aka wallafa sakamakon a 2013, sai ya tabbata cewa gaiwa da danginta sun fi shi kusanci da su. Ke nan kifin da ake haƙowa da fartanya a busasshiyar fadama ya fi wanda aka aika jirgin soja ya ɗauko matsayi a wannan lissafi, sai dai ita ba ta taɓa ɓacewa ba balle dawowarta ta zama labari.

Akwai kuma maganar da ta bi kifin ko'ina, a wasanni da wajensu, cewa bai sauya ba tun shekaru miliyan ɗaruruwa. Gaskiyar da ke cikinta ita ce tsarin jikinsa na gaba ɗaya tsoho ne, dangin sun bayyana fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, kuma binciken 2013 ya nuna ƙwayoyin gadonsa da ke sarrafa furotin suna sauyawa a hankali fiye da na yawancin dabbobi masu ƙashin baya. Har yanzu yana ɗauke da abubuwan da ba kasafai ake samu a kifi mai rai ba: wata gaɓa a tsakiyar ƙoƙon kai da ke raba shi gida biyu, wani bututu mai ruwa-ruwa a madadin cikakken ƙashin baya, da wutsiya mai ɗan ƙaramin reshe na uku a tsakiya. Huhunsa ya tsuke ya zama saura, kitse ya kewaye shi, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta cika ko kashi biyu cikin ɗari na ramin da take ciki ba. Amma jinsunan biyu da ke raye yau ba su ne waɗanda ke cikin duwatsu ba. Dangin sun taɓa yin yawa, nau'i fiye da ɗari, wasu ƙanana, wasu masu tsawon mita da dama, wasu a teku, wasu a kogi da tafki. Ɗaya daga cikin na ruwan daɗi, Mawsonia tegamensis, an tono burbushinsa ne a Gadufawa, cikin hamadar yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar, a shimfiɗun duwatsun da suka haura shekara miliyan 100, waɗanda daga cikinsu aka fitar da ƙasusuwan ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Inda yau rairayi ne, a wancan zamani manyan koguna ne da silakant ke iyo a cikinsu. Abin da ya rage a Tekun Indiya reshe ɗaya ne siriri daga wata bishiya mai faɗi, wanda ya sami mafaka a wurin da yanayi ba ya yawan sauyawa.

A nan ne babban bambancin yake, wanda ya fi batun ruwan sama da gaɓa nauyi. Ƙarancin silakant a wasa ƙarancin dacewa ne, lamba ce ƙarama a cikin jadawalin da na'ura ke dubawa duk lokacin da za ta fitar da sabuwar inuwa. Kama ɗaya ba ya rage na gobe, kuma mai haƙuri a ranar ruwa mai tsawo zai iya cika aljihu da su ba tare da tekun ya ji a jikinsa ba. Ƙarancinsa a teku kuwa daga yanayin rayuwarsa ya taso. Wani bincike da masana Faransa suka wallafa a 2021, bayan sun sake ƙirga siraran layukan girma da ke kan ɓawonsa, ya nuna cewa yana iya kai shekara 100, ba ya balaga sai ya kai wajen shekara 50, kuma macen tana ɗaukar ciki kimanin shekara biyar kafin ta haifi 'ya'yanta a raye, ciki mafi tsawo da aka sani a dabbobi. Da yake ɗigon farin da ke jikin kowane ɗaya daban yake da na saura, Fricke ya iya gane su ɗaya bayan ɗaya tsawon shekaru, kuma ƙiyasin da aka yi a kewayen babban tsibirin Komoros bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Halittar da ke buƙatar rabin ƙarni kafin ta haihu ba ta iya mayar da gurbin abin da aka ɗebe mata. An ga haka a Tanzaniya daga 2003, lokacin da masunta suka soma shimfiɗa ragar kama kifin shak a wurare masu zurfi, silakant suka riƙa faɗawa ciki gommai-gommai cikin 'yan shekaru, abin da ya kai ga kafa wani yankin teku mai kariya da sunan kifin a Tanga a 2009. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa jinsin Afirka a sahun halittun da ke dab da ƙarewa, kuma yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Abin da mai wasa ke yi cikin raha a shagon tsibirinsa laifi ne a duniyar gaske.

Ba na ganin wannan a matsayin tuhuma ga wasan. Duniyar da mujiya ke riƙe da gidan tarihi ba ta yi wa kowa alkawarin zama darasin ilimin halitta ba, kuma mutane da yawa da yau suka san labarin 1938 sun fara jin sunan kifin ne daga bakin Blathers. Inda ya kamata mai karatu ya yi hattara shi ne kada jin da wasan ke haifarwa, cewa abu mai wuyar samu yana nan dai yana jiran mai naci, ya bi shi zuwa tunaninsa game da teku. Idan aka duba yadda wasu wasanni suka yi da kifin, za a ga Nintendo ta fi kusa da adalci. A Pokémon Ruby da Sapphire na 2002 an ƙirƙiri Relicanth a kan siffarsa, aka ɓoye shi cikin ciyayin ƙarƙashin teku inda sai an nutsa ake samunsa, kuma aka mayar da shi ɗaya daga cikin mabuɗan buɗe wani tsohon ɗaki da aka hatimce, wato an riƙe zurfin da tsufan, an bar batun ciniki. A ARK: Survival Evolved kuwa, wasan da ke cike da dinoso, silakant shi ne kifin da ya fi kowane yawa, yana yawo a kogi da bakin teku, ana sukarsa da mashi don abincin dare. Abin mamaki, wannan ya fi kama da zamanin Gadufawa fiye da yadda ya yi kama da yau.

Sha'awar Japan ga kifin ba a wasa kaɗai ta tsaya ba, kuma hakan yana bayyana dalilin da masu tsarawa a Kyoto suka ga ya cancanci kujerar girma. A 1989 gidan kifi na Toba ya tura tawaga Komoros da niyyar kamo ɗaya a raye, yunƙurin da ya jawo suka daga masana na ƙasashe da dama kuma bai yi nasara ba. Gidan kifi na Aquamarine Fukushima ya bi wata hanya dabam, ya riƙa aika na'urar ɗaukar hoto zuwa zurfin ruwayen Indonesiya, har ya ɗauki hoton ɗan ƙaramin silakant a raye a 2009. Matsalar ajiye shi ita ce jininsa ya saba da ruwa mai sanyi, kuma idan aka jawo shi sama, gajiyar jan zare da ɗumin ruwan sama-sama, wanda iskar shaƙarsa ba ta ishe shi, sukan kashe shi cikin sa'o'i. Har yau babu gidan kifin da ya taɓa nuna silakant mai rai. Mai son ganinsa a Japan yakan je gidan kifayen zurfin teku na Numazu, wanda aka buɗe a 2011, inda ake da guda biyar, biyu a daskare cikin ƙanƙara, uku kuma an busar da su an cusa.